Ki Bar Abin da Na Rubuta da Jan Biro

Rano, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ubanki ne ke gaishe ki, tare da addu'ar Allah ya sa kin sauka Kano lafiya, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a fita da shiga, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Innarki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Ba labarin gida zan ba ki ba, kwana ɗaya bai isa a tara labari ba.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Jiya bayan tafiyarki Innarki ta gaya min cewa Injiniyan da zai ɗauke ki aiki ya ce sai ya gwada ki tukuna. Ranar Litinin zai ba ki akwatin sifika biyu irin na falo, ki haɗa musu kurosoba, wato allon raba sauti, da hannunki, ya zauna ya saurara. In sun yi masa ki zauna, in ba su yi ba ki dawo Rano. Ta kuma ce kin saka littafina mai baƙin bango a jaka, kin ce mata, "Inna, yadda Baba yake yi zan yi." Ita da murna ta faɗa min. Ummi, in kika yi yadda nake yi yanzu, faɗuwa za ki yi. Duk abin da ke cikin littafin nan da shuɗin biro ki bi shi, na tsaya a kansa. Duk inda kika ga na soke na gyara da jan biro, ki bar shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan gaya miki dalili tun daga tushe, kuma ba zan rage wa kaina komai ba.

Kuskurena na farko na yi shi ina saurayi, a shagon maigidana marigayi Malam Tanko, wanda ya koya min gyaran rediyo. Shi ya fara nuna min ɗan allon nan da ke cikin akwati, mai raba sauti. Kin fi ni iya haɗa shi yanzu, amma bari in faɗa miki yadda ya faɗa min. Ya ce, "Habu, akwatin sifika gida ne mai mutum biyu. Babbar ita ke cin tuwo, wato kaurin sauti. Ƙaramar, tuwita, jaririya ce, koko kawai take sha, wato siririn sauti. Kafasita ita ke hana tuwo isa bakin jaririya. Naɗin waya shi ke hana babba shan kokon yarinya. Rasista kuwa shi ke rage wa jaririyar kuka in ta cika tsanyara." Na ce to, alhali a raina ina ganin tsoho ne kawai da son ƙaƙale. Da wani hedimasta daga Rurum Sabon Gari ya kawo akwatinsa, na duba ban sami kafasitar da ta dace ba, sai na haɗa tuwitar kai tsaye na rufe. A shago ta yi daɗi, don a hankali muka kunna. Ranar sunan ɗansa aka ƙure murya, kafin a gama rabon goro ƙauri ya tashi. Malam Tanko bai zage ni ba. Ya ɗora ni a bayan keke har Rurum, ya sa na buɗe akwatin a gaban mai shi, na faɗi abin da na yi da bakina.

To ki riƙe wannan: babu abin da aka ɗora a kan allon nan don ado. In ba ki san aikin abu ba, kada ki cire shi, ki tambaya. In kin ɓata aiki, ki faɗa kafin a gano. Ni an koya min wannan tun gashin bakina bai fito ba, amma za ki ga yadda na watsar da shi da furfura.

Kuskure na biyu shi ne gardamata da Malam Iro. Kin taso kin gan shi a bencin shagona duk ranar kasuwa, ya taso daga Kahu a kan tsohon babur ɗinsa, da alli a aljihu ko da ya daɗe da barin koyar da kimiyya. Ba ki san inda gardamar ta samo asali ba. Wata Hajiya ce a nan Rano ta aiko da akwatunan mijinta, sautinsu ya dushe. Na cire tsofaffin baƙaƙen kafasitocin da ke ciki, na sa waɗansu rawaya masu tsada da aka kawo min daga Kano. Da na kunna sai sauti ya buɗe, har masu wucewa suka tsaya. Daga ranar na yanke hukunci cewa rawaya tana da zaƙin murya, baƙa kuwa muryarta a shaƙe take.

Malam Iro ya ce, "Malam Habu, ɗauko mita ka auna tsohuwar da ka cire."

Na ce, "Malam, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni da kunne nake aiki, ba da alli ba."

Ya ce, "Kunnen nan naka fa yana da idanu. Yana ganin launi, yana ganin farashi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban auna ba. Sai bayan shekaru, ina share aljihun tebur, na ci karo da tsofaffin nan, na ɗora su a mita don wasa. Zafin garin nan ya busar da su, abin da ke rubuce a jikinsu daban, abin da mita ta nuna daban. Ashe ba launi ne ya gyara sautin Hajiya ba, lafiyayya ce ta maye gurbin matacciya. Da na sa sabuwar baƙa mai lamba ɗaya, da wataƙila haka za a ji. Na mayar da su aljihun tebur na rufe, ban gaya wa Malam Iro ba, na ci gaba da kurina a benci.

A Kano za ki haɗu da irina da yawa, har da waɗanda suka fi ni baki. Wani zai rantse miki yana jin bambancin waya da waya, wani zai ce duk ƙarya ce, lamba kawai ke aiki. Kada ki shiga layin kowa don ya fi ɗaga murya. Ni yau ba zan ce miki babu bambanci sam tsakanin kafasita da kafasita ba, domin ban sani ba, ban taɓa gwadawa bisa adalci ba. Abin da na tabbatar shi ne, in lamba ta bambanta kowa zai ji. In kina son gwada biyu, ki auna su ki ga lambarsu ɗaya ce. Ki daidaita ƙarfin muryarsu, don wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne shi kunne ke zaɓa. Sannan ki sa wani ya riƙa canza miki su ba tare da kina gani ba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In kin gane, kin gane. In ba ki gane ba, ki ce "ban ji bambanci ba", ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗi haka.

Yanzu na zo kan jan biro, kuma nan ne hannuna yake nauyi.

Kin san shekarun da na yi ina ba da hayar lasifika. Biki, suna, wa'azi, saukar karatu, taron siyasa, daga Lausu har Kibiya babu inda ban kafa ƙahon lasifika ba. Kuma ba na yarda in koma gefe, a gindin sandar nake tsayawa wuni guda, don a san aikin Habu Mai Rediyo ne. In na dawo gida kunnena yana ƙugi, in ce gajiya ce. Innarki ta sha ce min, "Malam, ai kusa nake, me ya sa kake ɗaga murya?" In ce mata haka muryar maza take. Abin da ban sani ba shi ne, kunne ba ya mutuwa gaba ɗaya rana ɗaya. Siririn sauti yake fara saki. Ina jin ganga, ina jin mota, ina jin muryar maza a benci, don haka na ɗauka lafiyata lau.

Da akwatunan da nake haɗawa suka fara yi min dishi-dishi, ban zargi kaina ba. Tuwitocin zamani na zarga, na ce ba a yin na kirki yanzu. Na ɗauki jan biro na soke rasistan da Malam Tanko ya koya min, na rubuta ƙarami. Bayan shekara na sake sokewa na rubuta wanda ya fi shi ƙanƙanta. Daga ƙarshe na rubuta a cire shi ɗungurungum a haɗe da waya. A wasu shafukan har kafasitar na ƙara wa lamba, don jaririyar ta ƙara samun abin ci. Duk lokacin da na yi haka sai in ji sauti ya dawo min daidai, in yi murmushi in ce na gano sirrin da maigidana bai gano ba. Ashe ramin da ke kunnena nake cikewa, ina zuba wa mutane barkono a nasu.

Ke kika fara faɗa min. Ranar da muka gama akwatunan Alhaji Jauro, Bafulatanin nan na Lausu mai shanu da gonar gyaɗa, wanda ya ce yana son abin jin karatun Alƙur'ani a ɗakinsa. Kin gama naɗa wayar a cikin gida, kin fito da ita shago, muka kunna. Kika matso kusa da ni kika ce a hankali, "Baba, kamar yana tsawa. In mai karatu ya zo kan sin sai ya soki kunne." Ba ki ɗaga murya ba, ba ki faɗa don a ji ba. Ni ne na ɗaga. A gaban mutanen benci na ce miki abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, na ce ki koma ciki ki taya Innarki aiki. Kika ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," kika shige. Ke da nake kira da sunan uwata, ke na yi wa haka. Tun ranar ban sake jin kin ce komai a kan sauti ba, abin da na rubuta shi kike haɗawa.

Bayan mako guda sai ga Alhaji Jauro da akwatunan ɗaure a bayan babur. Ya gaisa a mutunce, ya ce, "Malam Habu, aikinka ba ya da laifi, kunnena ne na daji. Amma abin nan in ya yi karatu sai in ji kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Iyali sun ce kansu yana ciwo. Ko za a ɗan sanyaya shi?" Na ce masa bai saba da sauti mai tsabta ba ne, ya ba shi lokaci. Ya dube ni, ya ce, "Mi yetti," godiyarsu ta Fulani, ya sake ɗaure kayansa ya tafi. Bai sake taka shagona ba, kuma bai taɓa ɓata ni a wajen kowa ba.

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Kin tuna ranar tabarma. Malam Iro ya gaji da ni, ya ce a yi ta ta ƙare: a haɗa akwati biyu iri ɗaya, ɗaya da rawaya ɗaya da baƙa, a rataya tabarma a tsakani, ke ki zauna a baya kina canzawa, ni in faɗi wanne ne wanne. Na amsa da ƙarfina. Ni na haɗa su da safen nan, cikin gaggawa, don na ƙagu in kunyata shi. Bayan azahar benci ya cika. Kika kunna na farko, kika kunna na biyu. Na rufe ido, na gyaɗa kai irin na masana, na ce a maimaita na biyun. Sannan na ce, "Wannan ce rawaya. Ku ji yadda sama ta buɗe tas." Wuri ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Malam Iro ya miƙe ya sauke tabarmar da kansa, ya naɗe ta, ya ce, "Ka ci, Malam Habu. Gardama ta ƙare." Kuma lallai akwatin rawayar ne, sa'a ta faɗa min.

Bayan la'asar, kowa ya watse, na buɗe akwatin don in cire kafasitocina. Sai na ga wayar tuwita tana lilo. Ban taɓa liƙa ta da dalma ba, gaggawa ta sa na manta. Akwatin da na yaba wa buɗewar sama babu sama a cikinsa ko ɗigo, babbar sifika ce kaɗai ke magana, kamar daga cikin randa. Duk wanda ke bencin nan ya ji haka. Malam Iro ya ji, ke ma da ke bayan tabarma kin ji. Ni kaɗai ne ban ji ba. Na zauna a kan kujera da wayar a hannuna, kunya da tsoro suka rufe ni.

Sun rufa min asiri, Allah ya rufa nasu. Amma kuskuren da ya fi duk sauran girma shi ne, na karɓi rufin asirin na kwanta a ciki. Na liƙe wayar, na rufe akwatin, na yi shiru shekara biyu. Malam Iro bai sake ta da zancen kafasita ba, ni ma ban tayar ba, muka koma hirar taki da farashin gyaɗa. Ban goge jan biro ba, don gogewa amsa laifi ne. Na bar ki kina haɗa wa mutane abin da ke da kanki kin san yana tsawa. Mu mutanen nan mun iya kara, mun iya kawaici, kuma abu ne mai kyau. Amma ni na mayar da kawaicinku katanga na ɓuya a baya, mutane suna ɗaukar ciwon kai zuwa gidajensu.

Na san abin da ya sa kika ce za ki yi yadda nake yi. Ba don ba kya ji ba ne. Kina ganin saɓa wa rubutun mahaifinki rashin albarka ne, kin gwammace ki faɗi da biyayya da ki ci da saɓo. To ki saurare ni da kyau. Ni Habu, ubanki, na umarce ki ki saɓa wa jan biron nan. Ki mayar da rasista. Ki fara daga lambar shuɗin biro, ki saurara, ki ƙara ko ki rage yadda kunnenki ya gaya miki, sannan ki sa mita ta yi miki shaida. Albarkata tana tare da wannan aikin, ba ta tare da wancan. In kika bi jan biro don ki faranta min, kin saɓa min.

Sauran 'yan abubuwa, tunda ba na kusa. Ki tambayi Injiniyan irin ɗakin da za a sa akwatunan, don abin da ya yi laushi a ɗakin ƙasa mai labule da katifa zai yi kaifi a falon siminti mai tayil. Kada ki jera naɗin waya biyu kusa da juna suna kallon gefe ɗaya, ki kwantar da ɗaya ki tsayar da ɗaya. Kafin ki ɗaure murfi ki ja kowace waya da yatsa, kin dai ji abin da ya sami ubanki. Ki gwada da muryar mutum da kika sani sosai kafin ki gwada da kiɗa, kiɗa yana ɓoye aibi. In ana gwajin manyan lasifika a shagon, ki toshe kunnenki da auduga ko ki fita, ko da za a yi miki dariya. Kunne ba ya da kayan gyara a kasuwa, na nema. Kuma duk inda kika kai a sana'ar nan, ki ajiye mutum ɗaya kusa da ke wanda zai iya ce miki "yana tsawa", in ya faɗa kada ki kore shi.

Ni ma ba zan zauna ba. Gobe in an sauko daga Juma'a zan hau mota zuwa Kahu, in sami Malam Iro a ƙofar gidansa, in gaya masa na ga wayar nan tun ranar. Ranar kasuwa kuma zan maimaita a benci, a gaban waɗanda na kore ki a gabansu. Na zauna na tuno gidajen da na kai wa aikin jan biro, zan bi su ɗaya bayan ɗaya da rasistoci a aljihu, Malam Iro ya ara min kunnensa in ya yarda. Da Lausu zan fara. Innarki kuma, da ta daɗe tana ce min in je asibiti, ta ci nasara, zan je a duba abin da ya rage na jina. Wanda zai yi dariya ya yi, na riga na ƙudura.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi min ciwo. Jiya a tasha, da mota ta fara motsi, kin leƙo ta taga kin faɗa min wata magana. Na ga bakinki yana motsi, na ga idonki ya kawo ruwa. Na gyaɗa kai na ce, "To, madalla, Allah ya kiyaye." Ummi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Muryarki siririya ce, tana cikin abin da ya tafi. Na daɗe ina yi miki haka a gida, ina amsa abin da ban ji ba. Ban sani ba ko tambaya kika yi, ko roƙo, ko gafara kika nema, na ce miki madalla. Direban da ya kawo miki takardar nan zai juyo gobe da safe. Ki rubuta min abin da kika ce, da manyan baƙi, ki ba shi. Kuma ki yafe min.

Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya yi daidai ranar Litinin, ya kiyaye miki jinki da ganinki har tsufa. Allah ya tsare ki daga gabanki da bayanki, ya mayar min da ke lafiya a lokacin da dawowar ta zama alheri. Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yara.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Habu Mai Rediyo, Rano.